Hutu Ne Kawai

Ni dama ba mutumin zama ba ne, amma rashin zaman da nake yi a 'yan kwanakin nan daban ne. In na fito da adaidaita da safe, sai in wuce fasinja yana ɗaga min hannu ban gan shi ba. In na dawo gida in kasa cin abinci a zaune, in tashi in leƙa ƙofar gida kamar wanda aka yi wa alkawari. Maman Abba ta ce ko hawan jini ne. Ba hawan jini ba ne. Wata kalma ce ta fito daga bakin 'yata, wadda rabona da jin ta tun ina yawo da gajeren wando a Gyaɗi-Gyaɗi.

Wanda ya san Gyaɗi-Gyaɗin yau ba zai yarda da ni ba. Yanzu ko'ina shago ne, ko'ina janareta, in ka tsaya gaisawa da mutum na bayanka ya cika ka da hon. A da kana kwance a ɗaki za ka san waye ke jan ruwa a rijiya daga yadda gugarsa ke bugun baki. A gidan haya muka tashi, dogon gida mai ɗakuna a jere suna kallon juna, rufin kwano, rijiya a tsakiya. Direbobi ne a ciki da leburori da wani ma'aikacin asibiti mutumin Jos, sai Alhaji mai gidan da ya riƙe ɗakunan gaba. In damina ta sauka, ruwa ya fara dukan kwanon nan, ko rediyon Alhaji ba ka ji, sai kowa ya koma magana da hannu. Aikinmu yara ba ya ƙarewa: jan ruwa, kai niƙa, kwashe toka, tare kwata in ta cika. In Babbar Sallah ta matso kuma sai a ƙara mana da yankan ciyawa. Mu ɗauki lauje da buhu mu nufi wajen Darmanawa, lokacin gonaki ne da kududdufai. Inda nake haya yanzu ina jin a nan na taɓa yanke yatsa. A waɗancan shekarun Sallar tana faɗowa ne a tsakiyar dogon hutu, ga ruwa, ga ciyawa har gwiwa, ga ragon Alhaji a ɗaure a gindin rijiya yana hana kowa barcin rana.

Babana direban bas ne, daga ƙauye ya shigo birni da ƙarfinsa kawai. Ba ya son ya ga yaro a zaune. In ya shigo ya tarar da ni na jingina da bango sai ya ce wa Inna, "Ba ki da abin da za ki ba shi ya yi ne?" Ɗakin da ke kallon namu kuwa na Ticha Bulus ne, mutumin Kudancin Kaduna, Kirista, da matarsa da 'yarsu Saratu. Hausa yake koyarwa a sakandare, abin da ya sa manyan gidan ba sa rabuwa da tsokanarsa ke nan.

"Ticha," in ji Babana, "kai da ka ari harshen a wurinmu, kai ne kuma za ka koya mana shi?"

"Direba, ai kai ma ba kai ka ƙera motarka ba. Ku kuna tuƙa Hausa ne, ni kuma na san sunan kowane ƙarfe da ke cikinta."

Sai a yi dariya, Baba ya miƙa masa goro.

A wani dogon hutu ne, da ruwa ya hana mu fita muka ishi gidan da ihu, Ticha ya tara mu a barandarsa. Babu allo, babu alli, babu bulala. Ragon Alhaji ne littafinmu. Ya nuna shi ya ce rago suna ne, fari sifa ce, abin da ya yi wa igiyarsa jiya kuma, wato tsinkewa, aikatau ne. Sai ya jera mu a tsaye kamar masu sallah, kowa ya ba shi kalma. Saratu ce suna. Wani ƙaton yaro Ɗanlami shi ne sifa, don komai ya gani sai ya faɗi girmansa. In uwar wani ta ƙwala masa kira ya tafi aike, wanda ya tsaya a gurbinsa shi ne wakilin suna, har ya dawo. Ni kuwa ya dube ni ina ta tsalle da ƙafa ɗaya ya ce, "Kai ba ka iya tsayawa, kai ne aikatau. In babu kai jimlar nan ba ta motsi." Wallahi duk rayuwata ba wanda ya taɓa gaya min rashin zamana yana da amfani sai ran nan. A makaranta dukana ake yi a kansa.

Da muka gane wannan sai ya shiga abin da ya kira adon magana. Ya ce mu kamanta masa ƙahon ragon da wani abu. Kowa ya ce kamar lauje, don shi ne a hannunmu kullum. Ni na ce kamar sitiyarin Baba ranar da ya faɗa rami. Ticha ya tafa hannu ya ce wannan ita ce kamantawa, don da idona na gani, ba a bakin wani na tsinta ba. Ɗanlami ya ce shi ranar Sallah cinya guda zai cinye shi kaɗai har ƙashi. Saratu ta ce ƙarya yake yi. Ticha ya ce, "In ya faɗa mana nan muna wasa, kambamawa ce. In ya faɗa wa babarsa bayan cinyar ta ɓace, ƙarya ce." Har matan da ke tankaɗe a gefe sai da suka dara.

Daga ƙarshe ya kawo mutuntarwa. Ya ce ita ce ka ba dabba ko wani abu bakin mutum da zuciyar mutum, ka ji abin da zai ce. Ya tambaye mu, da ragon nan zai yi magana, me zai gaya wa mutanen gidan nan? Nan fa muka rikice, kowa na jefo tasa. Daga nan wasan ya samo asali. Muka shirya za mu yi wasan kwaikwayo a tsakar gida ranar jajiberin Sallah bayan la'asar, kowa da matsayinsa, mai sayar da dusa, mahauci, akuyar maƙwabta. Ni aka ba rago.

Da labari ya kai kunnen Alhaji sai ya kira Ticha. Ya ce layya ibada ce, ba zai yarda rago ya tsaya a gidansa yana kukan za a yanka shi ba. Ticha ya ce shi ma bai yi niyyar haka ba. Suka zauna su biyu a kan tabarma, dattijo da malamin boko, suna gyara wa rago magana kamar masu shirya ɗaurin aure. Alhaji ya ce a ƙare da rabon nama, ragon ya roƙi a bi ɗaki-ɗaki, a kuma ambaci ɗakin Ticha da suna.

"Haba Alhaji, ai sai a ce na rubuta wa kaina tsoka."

"Ni na ce a sa. Ragona ne."

Alhajin ne ya ara min tsohon buzunsa na yafa a baya. Mai facin bakin titi ya yanko min ƙaho daga tsohuwar taya. Na haddace maganar nan a hanyar niƙa, a bakin rijiya, a cikin ciyawa. Ko Inna ta aike ni sayo gishiri, da muryar rago nake tambaya.

Ranar jajibere da sassafe Baba ya taɓa ƙafata. Yaron motarsa ya gudu garinsu yin Sallah, ga tasha ta cika maƙil da masu komawa gida, babu lokacin da direba ke samun lodi irin wannan. Inna ta ce, "Yau fa suke wasan nan nasu." Baba ya ce, "Sawu ɗaya ne, kafin la'asar mun dawo. Hutu ne kawai, ba makaranta na cire shi ba." Na rataye buzun da ƙahon a ƙusa na bi shi. Ba zan ce ban ji daɗi ba. Na maƙale a ƙofar bas ina kiran gari da iyakar muryata, manya suna cewa yaron nan akwai baki. Mun sauke mutane lafiya. A hanyar dawowa hadari ya haɗo, ruwa ya ɓalle, muka zo wani kwari motar ta nutse har gindi. Na tura, na haƙa, na cusa duwatsu da reshe a ƙarƙashin taya, ina kallon rana tana sauka ta bayan gajimare. Da na ji ana kiran la'asar a wani ƙauye can nesa sai na zauna a cikin taɓon na fara faɗin maganar rago a hankali. Baba ya ce in tashi in kama tura. A ƙauyen muka yi Idi da kayan taɓo. Sai washegarin Sallah muka shigo gida.

Saratu ce ta ba ni labari. Ta ce Ɗanlami ya roƙa a ba shi buzun, babanta ya hana, ya ce matsayin yana da mai shi. Sai suka jawo ragon gaske suka tsayar a wurina. Kowa ya yi tasa maganar, da aka zo kan rago sai aka yi shiru ana jira. Shi kuwa ya dubi jama'a ya yi kuka sau ɗaya ya ci gaba da tuƙa. Ta ce Alhaji har hularsa ta faɗi don dariya. Ticha ya same ni a bakin rijiya ya ce, "Ka riƙe maganarka, kar ka zubar. Baɗi za mu yi."

Yaron motar bai dawo ba. Aka koma makaranta, Baba ya ce in ƙara masa mako guda kafin ya sami wani. Ina tuna ranar da Ticha ya tare shi a zaure.

"Direba, an fa koma."

"Na sani, Ticha. In sami yaro tukuna."

"Yaron nan yana da kai."

"Yana da baki ma. Ka zo tasha ka ji shi."

Ba faɗa suka yi ba, ba a kuma taɓa zama aka ce an cire ni daga makaranta ba. Mako ne ya bi mako. Kayan makarantar suka matse ni a jikin ƙusa ba tare da na sa su ba. Da baɗin ta zo ina kan hanya. Wata shekara gari ya rikice, na dawo daga tafiya na tarar da ɗakin Ticha a buɗe, an share, sai ƙusoshi a bango. Aka ce sun koma gida. Ban riƙe Baba a zuciya ba, Allah ya ji ƙansa, shi abin da ya sani ke nan, kuma da shi ya ciyar da mu. Daga yaron mota na zama direba, daga bas na dawo adaidaita, ga ni nan bayana ba ya miƙewa sai na dafa bango.

To, ɗana na fari sunan Baba ya ci, shi ya sa muke ce masa Abba. Yana ƙaramar sakandare. Shi ma ba ya iya zama, ƙafarsa irin tawa ce. Da aka ba su hutun Sallar bana, abokina Sale mai garejin adaidaita a Tarauni ya tare ni ya ce aiki ya yi masa yawa, kowa na so ya gyara mashin kafin Sallah, in turo masa yaron ya riƙa miƙa sifana. Na zo na gaya wa Maman Abba. Ta ce, "Baban Abba, an fa ba su aikin hutu." Na ce, "Hutu ne kawai, ba makaranta na cire shi ba." Na faɗa, na sa takalmi, na fita. Ko a jikina ban ji komai ba.

Yaro ya fara zuwa. Yana dawowa da baƙin mai har gwiwar hannu, yana tafiya yana buɗa kafaɗa, yana kiran sunayen ƙarafa a kan tuwo. Ran nan da rana na shigo cin abinci, shi ma ya shigo, sai ƙanwarsa Ummi ta ɗauko wayar uwarsu inda malaminsu ya turo aikin. Ita dai neman tsokana take.

"Baba, Yaya ko ɗaya bai yi ba. An ce ya kawo misalin kamantawa a kan Sallah, da kambamawa, da mu... mutun... mutuntarwa."

Lomar da ke hannuna ban san lokacin da na mayar da ita kwano ba.

Abba ya ce, "Ke dalla rufe mana baki. Baba, wallahi ba wani abu ba ne, surutu ne kawai. Me mutum zai yi da shi? Oga Sale ma ya ce hannuna yana da kyau. Ya ce ko an koma in riƙa zuwa, in na ga dama ma in tsaya gaba ɗaya."

Na fita na hau mashin. Tun daga ranar ne zama ya gagare ni. Na yi ta zagaye babu fasinja, na tsinci kaina a Gyaɗi-Gyaɗi ina neman gidanmu. An rushe shi, an yi bene na shaguna, masu sayar da waya da caja. Na tsaya daidai inda nake jin rijiyar take, wani yaro ya leƙo ya ce, "Baba, gyara ko saye?" Na ce ba ko ɗaya. Ya ce to in matsar da mashin ina tare masa kasuwa. Abin da ya fi ci na shi ne ba wanda zan kama in ce ya yi min laifi. Sale taimako ya yi niyya. Yaron yana jin daɗi, ni ma na ji daɗi a ƙofar bas. Mu masu abin hawa haka muke, in mun ga yaro a hutu gani muke kamar mashin ne a fake, asara ce a bar shi. Ba ma cire ɗa daga makaranta, aron sa muke yi. Sai dai ban taɓa ganin wanda aka mayar ba.

Ranar jajibere da hantsi na shiga garejin. Abba na kwance a ƙarƙashin wani mashin, ƙafafunsa kawai ake gani.

"Sale, na zo ɗaukar yarona."

"Yau? Kai ma ka san yau ce ranar. Bari a yi la'asar mana."

"La'asar ɗin ce ba na so ta same shi a nan."

"Ikon Allah. To Farfesa, kai bokon ne ya ciyar da kai?"

"A'a. Shi ya sa in na durƙusa sai an ɗaga ni. Abba, fito."

Ya fito yana huci. Duk hanya ina ganin fuskarsa a madubi kamar hadarin gabas. Da muka isa ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Yanzu Baba me zan yi a gida? Zama?" Na ce ya wanke hannu ya ɗauko biro da takarda. Mu ma gidan haya muke, ragon mai gidan na ɗaure a jikin tankin ruwa. Na nuna shi na ce, da wannan zai yi magana, me zai ce? Ya ce rago ba ya magana. Na ce malaminku ya ce ya yi, ita ce mutuntarwar. Ya dube ni, don bai taɓa jin irin wannan kalma a bakina ba. Ya ce shi bai san abin da rago zai ce ba.

Ban shirya ba, Allah ya sani. Na ga dai sallayar Maman Abba a kan igiya, na jawo na yafa a baya, na dafa tankin na durƙusa a gefen ragon, gwiwoyina suna ƙara. Matan gidan suka dakata da yankan albasa. Na buɗe baki, sai ga maganar ragon nan ta fito gaba ɗaya, ko kalma ba ta zube ba.

"Jama'ar gidan nan, salamu alaikum. Ni ne baƙon da kuka ɗaure. Tun da nake ban ga inda ake son baƙo irin nan ba. An ba ni dusa, an ba ni harawa, an yi min wanka da sabulun da mai gidan ma sai Juma'a yake gani. Amma ina da ƙara. Yaranku sun ja min kunne har ya fi na jaki. Akuyar maƙwabta tana leƙowa ta katanga tana min dariya, ita da ko sadaka ba a karɓe ta ba."

Ummi ta faɗi ƙasa tana riƙe ciki. Matar mai gidan ta ce, "Innalillahi, Baban Abba, dama haka kake?" Abba ya juya baya don kar in ga yana dariya, amma kafaɗunsa sun tona shi. Na ci gaba.

"Na san abin da ya kawo ni, ban kuma zo gardama ba. Roƙona ɗaya ne. Gobe in an raba ni, a bi ɗaki-ɗaki, kar a tsallake ƙofa ko ɗaya. A kai ɗakin mai jego, a kai ɗakin gwauro, a kai ɗakin Ticha."

Daga masallacin layinmu aka kira la'asar. Na nemi tashi na kasa, sai da Abba ya kama ni. Hannunsa duk da wankin yana warin mai. Ban san ko zai zauna a makaranta ba, ba zan yi wa kowa ƙarya ba. Sale yana nan, garejin yana nan, wani hutun ma yana zuwa, ƙafar yaron kuma irin tawa ce. Na dai ce masa wannan tawa ce, in ya rubuta ta sai ya yi tasa, da abin da ya gani da idonsa. Ya zauna a kan bokiti ya ɗora takardar a cinya ya ce in sake faɗa a hankali. Na sake. Yana rubutu yana cije leɓe har muka zo ƙarshe, sai ya ɗago.

"Baba, ai babu ɗakin Ticha a gidan nan."

Na ce, "Na sani. Rubuta."